Waɗanda Suka Ci Kazar Maijego

Kullum bayan la'asar ƙamshi ne yake fara shiga gidan Mansur da ke Malali, kafin sallama ta biyo baya. Harira tana ɗaki da jaririyarta Lubna a cinya za ta ji keke mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofar gida, ta ji Ila direba ya ɗaga murya ya ce, "Saƙon Hajiya daga Kinkinau!" Sai ta ji takun mijinta yana sauri kamar an ce masa albashi ya shigo. Daga nan ƙamshin farfesun kaza da citta da kanumfari da daddawa zai ratso tsakar gida, ya zo daidai ƙofar ɗakinta, ya ɗan tsaya kamar zai shigo, sai ya yi kwana ya shige falo.

Hajiyar Kinkinau ita ce Hajiya Rakiya, mahaifiyar Harira. Saƙon kuwa kular farfesun maijego ce.

Da ma gida ya kamata Harira ta tafi wanka, tunda haihuwar fari ce. Mansur ne ya hana. Ma'aikaci ne a wata ma'aikatar gwamnati, kuma tun ranar da ogansa ya tura shi ya wakilce shi a wani taron bita kan shayar da jarirai, ya dawo da jaka da hular hana-sallah, kunnuwan mutanen Malali ba su sake hutawa ba.

"Zamani ya wuce nan," haka ya faɗa wa iyayenta yana durƙushe. "Ni da kaina zan kula da iyalina. Nono zalla har wata shida, ko ɗigon ruwa ba za a ba yarinya ba. Uwa kuma ta ci mai kyau, ta huta. Haka aka koya mana."

Maganar ta yi tsari, aka haƙura. Aka ɗauko Gwaggo Delu, ƙanwar mahaifinsa, ta zo ta zauna don ta yi wa Harira wanka. Hajiya Rakiya kuwa ta ce an hana ta 'yarta, amma ba wanda zai hana ta tukunya.

Wanda ya fi kowa farin ciki da wannan tukunya shi ne Sanda, abokin Mansur tun makaranta, mai shagon kayan waya a Babbar Kasuwa. Sanda ya zo barka tun ranar haihuwa, an yi suna an watse, amma shi har yanzu bai gama barkarsa ba. Da ya ji la'asar ta gota sai ya rufe shago ya hau babur. Wani lokaci shi da keken Ila suke shigowa layi tare, ɗaya na bin ɗaya. Bayansa akwai Sharhabil, abokin aikin Mansur, siriri kamar tsinken tsintsiya, mutum ya rasa inda yake zuba abin da yake ci. Su a faɗarsu ƙwallo suke zuwa kallo, tunda gidan akwai janareto.

"Maijego, sannu da ƙoƙari!" Sanda zai ƙwalo daga falo, bakinsa a cike. "Allah ya raya mana Lubna! Albarkacinta muke ci!"

"Amin, Malam Sanda," Harira za ta amsa daga bayan labule, tana haɗiyar yawu.

In sun gama, Mansur da kansa yake kawo mata kular har bakin gado, yana tafe yana murmushi irin na mutumin da ya cika alkawari.

"Ga naki nan, na ware miki."

Ta buɗe. Romo ne, wuya yana iyo a ciki, sai ƙafa guda.

"Abban Lubna, wai kajin Kinkinau da ƙafa ɗaya ake ƙyanƙyasar su?"

Ya yi dariya har da dukan cinya, ya ce wallahi ta iya barkwanci, ya koma kallonsa.

Ko wannan ɗin ma ba kai tsaye yake isa bakinta ba, sai ya bi ta hannun Gwaggo. Gwaggo Delu mace ce da kullum take cewa ba ta da haƙora, ba ta da cin abinci, ita da nama sai kallo. Amma tana da olsa, kuma olsar tata irin mai tashi ce da zarar ta ji ƙarar murfin kula.

"Miƙo nan in ɗanɗana gishiri, 'yar nan. Gishiri in ya yi yawa yana kumbura maijego."

Kafin Gwaggo ta tabbatar da yawan gishirin, wuya ya tafi. Harira tana jin ƙasusuwa suna ƙaras-ƙaras a bakin da aka ce babu haƙora.

Da magariba Hajiya Rakiya takan kira.

"Ila ya dawo min da kula tas, kamar an lashe. Ke kika cinye duka?"

Harira ta dubi Gwaggo da ke sakace a gefe. Ta tuna yadda mijinta ya durƙusa gaban iyayenta yana zuba zance. In ta buɗe baki yanzu, da wane ido Umma za ta sake kallonsa?

"Ni ce, Umma."

"Ma sha Allah! Haka nake so. Maijego ai sai da ci. Ashe ma kular ta yi miki kaɗan. Gobe zan sauya."

Washegari babbar kula ta zo. Da kula ta ƙara girma, sai majalisa ta ƙara girma. Sanda ya zo da maƙwabcin shagonsa, Sharhabil ya zo da wani da ya ce ɗan uwansa ne daga Zariya, har da wani mutum mai gemu da Mansur kansa bai san sunansa ba, sai dai ya fi kowa zuwa da wuri. Takalma suka cika ƙofar falo kamar masallacin Juma'a.

To farfesu kaɗai ba ya riƙe cikin maza masu yawa haka. Mansur ya leƙo ɗaki.

"Harira, ɗan ɗora mana shinkafa mana. Fara kawai, ba wani aiki ba ne."

"Yanzu na fito daga wanka, jiri nake ji. Ga Gwaggo nan."

"Ni wanka aka kawo ni, ba girki ba," in ji Gwaggo, ba ta ko ɗago ba. "Kuma wutar gas ɗin nan taku tana tayar min da hawan jini."

"Ai motsa jiki ne," Mansur ya ce. "A bita ma an ce bai kamata maijego ta yi ta kwanciya ba."

Haka shinkafa ta shiga tsarin gidan. Bayan shinkafa shayi ya biyo, bayan shayi wanke-wanke. Harira tana kicin tana tace shinkafa za ta ji Lubna ta farka ta tsanyara kuka, ƙirjinta ya amsa nan take, nono ya jiƙa mata riga. Kafin ta sauke tukunya sai muryar Mansur ta taso daga falo.

"A yi wa yarinyar nan wani abu mana! Fenariti za a buga!"

Gwaggo kuwa ta san abin da za ta yi. Ta ɗebo ruwa a robar tsakar gida, ta jefa ɗan sukari, ta dama da yatsa, ta riƙa ɗura wa jaririya da cokali tana yi mata waƙa. Harira ta shigo da gudu, nono ya cika ya yi tauri kamar dutse, ta tarar Lubna ta yi barci da ciki cike da ruwa. Ta sa mata a baki, ta ɗan tsotsa sau biyu ta saki.

"Gwaggo, an ce fa kada a ba ta ruwa."

"Wa ya ce? A wannan zafin na Kaduna? Ke in an hana ki ruwa za ki yarda? Shi wanda ya faɗa miki ɗin, da ruwan na raine shi, ga shi nan har da tumbi."

Da safe Harira ta samu mijinta a gaban madubi yana karya hula.

"Abban Lubna, yunwa nake ji."

"Ma sha Allah! Alama ce mai kyau. An ce mai shayarwa ta fi kowa jin yunwa."

"Ba fassara na zo nema ba. Abincin da Umma take aikowa ba ya isowa gare ni."

Ya juyo, fuskarsa kamar wanda aka yi wa ƙazafi.

"Haba Harira. Mutum ya rufe shagonsa, ya taso tun daga kasuwa don ya taya ni murna, sai in ɓoye masa kula a ƙarƙashin gado? Me za a ce da ni a gari? Kuma ke ba ki sani ba ne, duk amfanin kaza a romo yake. Da an dafa ta shi ke nan, komai ya koma ruwa. Tsokar nan da kika ga muna ci, dusa ce kawai. Ke muke bar wa mai kyan."

Ta dube shi. Abin da ya fi ba ta mamaki shi ne, da gaskiyarsa yake faɗa.

"Gwaggo kuma tana ba Lubna ruwa. Kai ka ce ko ɗigo."

Ya dubi ƙofa, ya rage murya.

"Gwaggo ce fa. Ita ta goye ni. In na yi mata magana yau, kafin azahar labari ya kai duk dangi. Ɗan cokali ne, ki lallaɓa. Kwana nawa ya rage?"

Ya gyara hularsa ya fita yana waƙa.

Kwanaki suka ja. Zanen da Harira take ɗaurawa sau ɗaya ya koma sai ta zagayo da shi ta soke. In ta miƙe tsaye ɗakin ya yi ta juyawa, sai ta dafa bango ta jira ya tsaya. Ta koma satar burodin karin kumallo tana ɓoyewa a cikin kayan jaririya, ita da gidanta, ita da abincin uwarta. Rannan ta ci karo da kanta a madubi tana lasar murfin kula, ta tsaya tana kallon matar da ke ciki, dariya ta kama ta, dariyar ta ƙare da hawaye.

Matan unguwa in sun shigo suna ganin babbar kular da Gwaggo ta ajiye a tsakar gida, su ce, "Kai, wannan maijego 'yar gata ce! Sai dai ba ya bin jikinki, ko irin jikinku ne?" Gwaggo ta ce irin jikinsu ne, ci kamar gara, jiki kamar kara.

Ita duk wannan da sauƙi. Lubna ce ta fara gudawa. Kumatun da aka haife ta da su suka zube, maɗigarta ta ɗan faɗa, kukanta ya koma siriri kamar na 'yar kyanwa. Nonon da a da yake jiƙa riga ya ja baya, tunda ba a shan sa yadda ya kamata. Harira ta goya ta, ta hau keke ita kaɗai ta tafi asibitin unguwa. Nas ta ɗora Lubna a sikeli, ta duba kati, ta sake dubawa.

"Ta ragu. Kuna ba ta ruwa?"

Harira ta sunkuyar da kai.

"A daina yau ɗin nan. Ki riƙa ba ta nono duk lokacin da ta motsa, yawan shan ne yake kawo shi. Ke ma ki ci, ki sha, ki kwanta. In ta ƙi kamawa ko gudawar ta ƙaru, ki dawo da ita da sauri, kada ki jira kowa."

Ta dawo gida ta faɗa musu. Gwaggo ta taɓe baki.

"Su 'yan asibiti me suka sani? Ni tun ranar da na ga yarinyar nan tana sakin nono na san inda matsalar take. Kawo cokali."

Ta sa Harira ta tatsa a cikin cokali. Ta fita tsakar gida ta yi ta farauta a gindin bango har ta kamo tururuwa, ta riƙo ta gam tsakanin babban yatsa da manuni, ta kira Mansur ya zo ya zama shaida.

"In nono mai kyau ne za ta fita da ƙafarta. In mai dafi ne, za ku gani."

Ta saki tururuwa a cikin nono. Tururuwa ta kwanta ruf, ko ƙafa ba ta ɗaga ba.

"Kun gani ko! Innalillahi! Da wannan ake shayar min da jika?"

"Gwaggo," in ji Harira, "ai tun a hannunki ta cika."

"Ka ji ko, Mansur? Ka ji bakin matarka?"

Harira ta dubi mijinta, mai jaka da hular bita. Ya sosa ƙeya, ya leƙa cokalin kamar mai neman sa hannun oga a ciki.

"To, ka san... kin san su manya akwai abin da suka sani wanda ba ya cikin takarda. Tunda yarinya tana raguwa, a gwada na Gwaggo mana. Ni ma fa abin kunya ne a gare ni. Duk ofis an san ni da maganar nan, a ce 'yata ce take ramewa?"

Washegari ya dawo daga aiki da gwangwanin madara da bulumboti a leda. Gwaggo ta karɓa ta jera a kan durowa, ta yanke hukunci: daga gobe da safe an cire Lubna daga nono, za ta koma kwana a shimfiɗarta, a haɗa mata madara, in ta ɗan yi ƙwari a fara koko. Harira ta dubi robar tsakar gida, wadda da ruwanta za a dama madarar, ta dubi 'yarta.

Aka yi la'asar. Keke ya tsaya. Ranar Hajiya Rakiya ta ji labarin awo a waya, hankalinta ya tashi, ta yanka kaji biyu ta haɗa da ƙafar saniya. Ila sai da ya nemi a kama masa. Harira tana jin Sanda yana cewa, "Allahu Akbar! Hajiya ta gama mana komai!" Tana jin ƙarar faranti, tana jin Sharhabil yana tambayar ina yaji. Ita tun safe shayi ne a cikinta. Lubna tana kwance a hannunta tana wannan siririn kukan, bakinta a bushe.

Ta daɗe a zaune. Sannan ta miƙe, ta jira ɗakin ya gama juyawa, ta zura hijabi.

"Ina za ki?" in ji Gwaggo. "Maza ne fa a falon."

"Na sani, Gwaggo. Gaisuwa zan je."

Ta yi sallama a ƙofar falo da ladabi. Maza sun kewaye babban faranti, hannayen riga a naɗe, maiƙo har gwiwar hannu. Suka amsa a daburce, don tun da suka fara zuwa ba su taɓa ganin fuskar mai abincin ba. Ta rusuna ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, har da mai gemu. Sannan ta taka a hankali zuwa gaban Sanda, wanda ya sha farar shadda yana riƙe da cinyar kaza, ta kwantar masa da Lubna a kan cinyarsa.

"Malam Sanda, ga 'yarku nan. An gwada nawa an ce ba shi da kyau. Na zauna na yi tunani, sai na ga duk abin da aka aiko don ya zama nonon yarinyar nan, cikinku ya shiga. To naku ne mai kyan. Bismillah, ka fara ba ta. In ka gaji ka miƙa wa Malam Sharhabil."

Sanda ya ɗaga hannuwa sama kamar an nuna masa bindiga, cinyar kaza tana ɗiga. Harira ta sa hannu ta zare ta daga yatsunsa, ta ja farantin gabanta, ta zauna daram a kan kafet, ta yi bismillah.

A talabijin aka zura ƙwallo, mai sharhi ya yi ta ihu shi kaɗai. Babu wanda ya waiwaya.

"Harira!" Mansur ya miƙe. "Kin haukace ne?"

"Ban haukace ba, Abban Lubna. Yunwa ce." Ta haɗiye. "Malam Sharhabil, don Allah miƙo min yajin nan."

Sharhabil ya miƙa mata da hannu biyu.

Lubna kuwa, da ta ji ta a baƙon wuri, ta yi 'yar miƙa, ta yi abin da mai gudawa take yi. Ɗumi ya ratsa farar shadda. Sanda ya ce, "La'ilaha!" ya rasa yadda zai yi, ba dama ya tashi, ba dama ya zauna. Mai gemu ne ya fara tunawa cewa yana da uzuri a Kawo. Sauran suka rufa masa baya, ana hankaɗar juna a bakin ƙofa. Sanda ya miƙa wa Mansur jaririya ya fita yana tattare riga, ko sallama babu.

Harira ba ta ɗago ba sai da ta ga bayan cinya da ƙirji, ta tsotse ɓargon ƙafar saniya, ta kafa kai ta sha romon da aka ce shi ne mai amfanin. Gumi ya karyo mata. Ta wanke hannu, ta karɓi 'yarta ta gyara ta, ta sa ta a nono a nan tsakiyar falo. Da ɗaya hannun ta danna waya, Mansur da Gwaggo suna tsaye a kanta.

"Umma, ni ce. Yau na ci kazarki. Yau ne na farko."

Hajiya Rakiya ta ce, "Na ji."

Washegari da keken Ila ya tsaya, ba kula kaɗai ya kawo ba. Hajiya Rakiya ta sauko da ƙafarta, ta rungumo kular kamar jika, ta amsa gaisuwar Mansur da "lafiya lau" guda ɗaya, ta wuce ɗakin 'yarta ta zauna a bakin gado. Ba ta yi faɗa ba, ba ta ɗaga murya ba. Zama kawai ta yi, kullum tun hantsi har magariba. Inda suruka take kuwa Mansur ba shi da ƙafar shiga, sai dai ya tsaya a bayan labule yana gaida ƙamshi. Gwaggo ta nemi ɗanɗana gishiri sau ɗaya, Hajiya ta ce ta riga ta ɗanɗana a gida, daidai yake. Kafin sati ya zagayo olsar Gwaggo ta yi tsananin da sai ta koma gidanta jinya. Gwangwanin madara ya zauna a kan durowa ba a fasa shi ba.

Ba a rana ɗaya Lubna ta dawo ba. Akwai kwanakin da Harira take zaune da ita a ƙirji tun safe har yamma, bayanta kamar zai tsinke, tana leƙa maɗiga tana leƙa ƙunzugu. Sau ɗaya ma sai da suka koma asibiti a guje. Amma gudawar ta tsaya, nono ya dawo, kukan kyanwa ya koma kukan mutum, irin wanda ake ji har bakin titi.

Mansur ya yi kwanaki yana amsa mata magana da hanci. Bai taɓa cewa ta yi haƙuri ba, shi a lissafinsa ita ce ta kunyata shi a gaban abokai, kuma shi ne ya yafe. Da kumatun Lubna suka cika suka yi luhu-luhu, sai ya ɗora hotonta a fuskar wayarsa, yana bi ofis-ofis yana nunawa.

"Kun gani? Nono zalla. Tsarina ne. Sai da na tsaya tsayin daka a gidan nan."

A dangi kuwa labarin da ya zaga ba na ƙartin da suka yi makonni suna cinye abincin maijego ba ne. Wannan ba wanda ya ga abin faɗa a cikinsa, ai zumunci ne. Ba wanda ya dake ta, ba wanda ya zage ta, da murmushi da addu'ar Allah ya raya aka yi komai. Abin da aka riƙe shi ne matar Mansur ta zauna a tsakiyar maza ta cinye kaji biyu. Wasu ma suka ce uku. Dangin miji suka sa mata Acici. Duk wanda ya kira ta da shi, sai ta amsa da "Na'am."

Bayan watanni ta je wani biki a Unguwar Rimi, Lubna a bayanta, nauyi har yana rinjayar ta. Tana shiga ta ga ana zunɗe ana ƙus-ƙus. Ta samu kujera ta zauna, aka miƙo mata farantin shinkafa, ta karɓa. Sai ga wata yarinyar mace da tsohon ciki ta jawo kujera kusa da ita, tana waige-waige.

"Anti, sannu. Ni ce Maimuna, matar Sanda."

Harira ta ajiye cokali, ta shirya jin baƙar magana.

"Da gaske ne kin ɗora masa jaririya kin ce ya ba ta nono?"

"Da gaske ne."

Maimuna ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Da dariyar ta lafa, sai idonta ya kawo ruwa.

"Wata mai kamawa zan haihu, Anti. Ya ce ba inda zan je, shi ma zai kula da ni da kansa. Jiya na ji yana waya da su Sharhabil, wai su shirya, layi ya zo kansa."

Harira ta dube ta, ta dubi cikin, ta dubi siraran hannayenta. Ta ɗauki naman da ke kan shinkafarta ta ɗora a farantin Maimuna.

"Ki faɗa wa mahaifiyarki tun yau, kada ki rufa wa kowa asiri da cikinki. In kula ta zo, a cinyarki za a buɗe ta. Kuma ki ci kafin ki amsa sallama."

"In suka ce ba ni da kunya fa?"

"Za su ce," in ji Harira, ta gyara goyonta. "Ki amsa musu bayan kin haɗiye."